Wasan da Likita Ya Rubuta wa Kakana

Kakana ya fi shekara biyu a zaune. Ba ina nufin bai taɓa tashi ba. Yana tashi salla, yana tashi kewayawa, in inuwa ta gudu ta bar shi kuma yakan ja tabarmarsa ya bi ta. Amma in aka tara duk takun da yake yi a yini guda, gurguwar kazarmu ta fi shi yawo. Tun da gonarmu ta nesa ta daina zuwuwa saboda halin da hanya ke ciki, ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu a Isa, ya haƙa gurabun dara, ya tara tsofaffi uku irinsa, shi ke nan. Tumbinsa ya riƙa yin gaba yana barinsa a baya. Na sha rantse wa ƙawayena cewa in zai shiga zaure, tumbin ke fara yin sallama, sai an amsa sannan shi ya iso.

Ni ce babba a jikokinsa mata, saboda haka ni ce amarya. Shi kuma angona ne mai furfura, wanda kullum nake barazanar kai shi gaban alƙali saboda ba ya kawo cefane. A da ɗan kokowa ne, kuma wannan ba ƙarya ba ce, don har yanzu in ya riƙe maka hannu sai ka ji kamar ƙofar mota ce ta datse ka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lissafin. Akwai wani ƙato da ya zo daga Nijar wanda ya kayar a Sabon Birni bayan girbi. Lokacin da nake firamare ƙaton guda ne. Da na shiga sakandare sun zama uku, kuma ɗayansu sai da aka ɗauko shi a amalanke saboda nauyi.

A farkon daminar bara ya fara kukan ciwon kai da nauyin wuya, ƙafafunsa kuma suka kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Babana ya ce asibiti za a je. Aka ce in bi su, wai ni ce mai Turanci. Mu uku muka hau babur ɗaya: Baba a gaba, Kaka a tsakiya, ni a can baya a kan ƙarfen ɗaura kaya, rabin jikina a Isa, rabi yana lilo a iska.

Baba ya tsaya wajen yankar kati, ni na shiga da Kaka. Likitan da muka tarar saurayi ne ɗan bautar ƙasa, siriri, mai tabarau, kuma da ya buɗe baki ya ce “Sanu Baba” Kaka ya gane Bayarabe ne. Mu Gobirawa duk inda muka ga Bayarabe mun ga bawanmu, su ma haka suke cewa a kanmu, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi fushi ba. Wasa ne da muka gada. Ciwon kan Kaka ya tafi hutu nan take.

“Yau na ga ikon Allah,” in ji shi. “Bawana anka ba farar riga? Wa ya bar maka kujera, kai da ka saba zama bisa buhun barkono?”

Ashe likitan ya yi wata shida a garin, tsofaffi sun riga sun koya masa darasin. Ko gezau bai yi ba.

“Baba, ni ne ubangidanki. Zauna, ki kawo hannu.”

“Ki?” Kaka ya juyo ya dube ni. “Amarya, kin ji? Ya maishe ni mace tun ban zauna ba.”

Likita ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya matsa, ya duba. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya kwance, ya ɗaura a ɗaya hannun, ya sake dubawa. Daga nan ya juyo gare ni ya yi magana da Turanci a hankali, yadda za ni gane. Ya ce jinin Kaka ya hau sosai. Ya ce zai rubuta ƙwayoyi, a kuma rage masa gishiri, amma ƙwayoyi kaɗai ba za su isa ba. Dole ya riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya har ya yi gumi. In ya ci gaba da zama, in ji shi, ana jin tsoron wata rana ɓarin jikinsa ya shanye.

Sai ya ce yana so ya faɗa wa tsohon da bakinsa, ya tambaye ni yadda ake cewa da Hausa.

Na san kalmar. Motsa jiki ake cewa, ko yaron aji ɗaya ya sani. Amma wani abu ya sosa ni a ciki, irin abin da ke sa ni in ɗaure wa akuyar maƙwabta gwangwani a wutsiya. Na ga a makaranta ai malamin wasanni muke ce wa mai sa mu tsalle-tsalle, saboda haka ba ƙarya za ni yi ba gaba ɗaya. Na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki na ce, “Wasa.”

Likita ya gyara tabarau, ya haɗe fuska irin ta manya, ya nuna Kaka da biro.

“Baba, kullum da safe ki yi wasa. Wasa sosai. Sai gumi ta fito.”

Kaka ya yi dariya har bencin da ke waje ya amsa. Ya share hawaye da bakin rawaninsa.

“Ka ji ɗan nema. Ni da jikoki cike da gida, in yi wasa. Langa za ni yi, ko ƙwallo za ka saya mini? To na ji, wagga ka ci ni. Za ni rama.”

A wurinsa magana ta ƙare. Bawansa ya tsokane shi, ya kuma iya tsokana, har ya yaba masa. Da muka koma gida shi ya ba da labarin da kansa, ni kuma na tashi na kwaikwayi likita da murfin kwano a madadin tabarau, har Inna, matar Kaka, ta ƙware da fura. Ƙwayoyi dai yana sha, don su magani ne na gaske, an zuba su a leda. Zancen wasa kuwa in an taɓo shi sai ya nuna gurabun dararsa ya ce, “Ga shi ina yi, safe da yamma. Ku gaya wa Bayaraben ina bin doka.”

Bayan mako guda dariyar ta fara yi mini ɗaci. Kalmar shanyewar jiki ta ƙi fita daga kaina, kuma ni kaɗai na ji ta a gidan. Na kasa faɗa wa Baba, don na san abin da zai biyo baya. Sai na ɗauko littafina na makaranta, na je na zauna a gefen tabarmar Kaka, na ce za ni karanta masa amfanin wasanni, ko Allah zai sa ya ji sha'awa.

Na fara da ƙwallon ƙafa, na ce tana ƙarfafa zuciya da huhu, tana koya wa mutane aiki tare.

“Ƙatti ashirin da biyu na bin fata guda,” in ji shi. “In sun kama ta kuma su harbe ta. Wuce.”

Na ce gudu yana sa jini ya zagaya, yana narkar da kitse. Na tuna masa ni ma na yi wa makarantarmu gudu na zo ta biyu, kuma da ba don ɗankwalina ya faɗi na koma ɗauka ba, da sai a Sabon Birni za a tare ni.

“Wa ya koro ku?”

“Ba kowa, Kaka.”

“To kun ji kunya. Mutum ba ya gudu sai da dalili.”

Langa ya ce ta yara ce, ya bar ta tun kafin a yi masa kaciya. Dambe na mahauta ne. Shaɗi na Fulani ne, kuma shi bai ga lafiyar da ke cikin tsayawa a zane ka da bulala kana murmushi ba. Kokowa kaɗai ya yarda wasa ce ta maza, ita ma ya ce ’yan yanzu da yake ji a rediyon Maraɗi rawa suke yi. Da na karanto inda aka ce motsa jiki yana kawo barci mai daɗi, yana rage hawan jini, sai ya miƙe ƙafa ya karkaɗa babban yatsansa sau uku.

“Ga shi na motsa. Rufe littafin, amarya, ki kawo mini ruwa.”

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ya sunkuya zai yi alwala sai butar ta suɓuce masa. Ina shara a tsakar gida na ji faɗuwarta. Na fito na same shi zaune a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya dafe kai da hannu biyu, yana cewa dogon yaron yana juyawa. Na riƙe shi. Hannun nan da ke datse mutum kamar ƙofar mota ya kasa riƙe nawa. Bai daɗe ba jirin ya sake shi, har ya ce kada in gaya wa kowa. Ban ce masa ango ba, shi ma bai ce mini amarya ba.

Da Baba ya dawo daga kasuwa na faɗa masa komai, har da kalmar da na musanya. Na shirya wa bulala, na ma sa zane biyu. Bai taɓa ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, “Da ran mahaifina kika yi wasa?” Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya je ya durƙusa gaban Kaka ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa ba tsokana ba ce, tafiya likita ke nufi. Na ɗauka shi ke nan. Ashe akwai wani dutsen a gaba.

“In tahi ina?” in ji Kaka.

“Ko'ina, Baba. Ka zagaya gari ka dawo.”

“In zagaya gari. Ba gona, ba kasuwa, ba gaisuwar mutuwa, ba biki. Duk wanda ya gamu da ni ya ce Alhaji ina zuwa, in ce masa ba ko'ina. Kafin azahar an ce tsohon gidanku ya zautu, shina yawo awa akuyar da ta tsinke. A'a. In mutuwa ce ta same ni da mutuncina.”

Kuma gaskiyarsa, ta wani gefen. A garinmu dattijo ba ya fita sai da inda za shi. Ko ya fita, ɗan kabu-kabu na farko da ya gan shi zai tsaya ya ce hau in kai ka, Baba, kuma ƙin hawa wulaƙanci ne.

Washegari da aka tashi makaranta na biya asibiti, don a kan hanyarmu yake. Na sami likita na faɗa masa abin da na yi. Ya cire tabarau ya yi mini faɗa da Turanci, da Turancin ya ƙare ya ci gaba da Yarbanci. Da ya huce ya tambaye ni yanzu mene ne abin yi, tunda ni na san tsohona.

Na ce, “Ka zage shi.”

Ya zaro ido. Na yi masa bayani. Kaka ba zai yi tafiya don lafiya ba, amma zai yi tafiya don ramuwa. Sai murmushi ya fara daga gefe ɗaya na bakin likita. Ya ce in gaya wa Kaka cewa shi bai taɓa ganin Bagobirin da ya zo asibitin nan da ƙafarsa ba, kullum a babur ake kawo su. Ya kuma ja mini kunne cewa a fara a hankali, in ya gaji ya huta, in ya ji jiri a tsaya.

Na jira sai da la'asar, lokacin da ’yan dara suka cika, sannan na isar da saƙo. Gishirin da aka hana Kaka a miya, ni na zuba shi duka a maganar.

“Ango, bawanka ya aiko ni. Ya ce Gobirawa ba su da ƙafa, a babur ake ɗaura su kamar buhun gero. Ya ce tsagar da ke fuskarku ma ta Yarbawa kuka ara ba ku mayar ba. Ya ce ƙattin da ka kayar a Sabon Birni, ya bincika, ashe barci suke yi. Ya ce in ka isa, ka zo da ƙafarka ka same shi wajen mai shayin ƙofar asibiti da safe, zai ba ka aikin wanke kofi.”

Tsofaffin nan uku suka kwanta da dariya. Ɗayansu ya ce, “Alhaji, in ni ne ba ni kwana da wagga magana.” Kaka ya juya ga dara. Ya ɗauki ɗan dararsa ya ajiye a gurbin da bai kamata ba, aka cinye shi.

Da safe ina ɗaura ɗankwalin makaranta na ji sanda tana bugun ƙofar ɗakinmu.

“Amarya, wuce gaba. Za ni ladabtar da bawana.”

Daga gidanmu zuwa asibiti tafiya ce da nake gamawa kafin rake guda ya ƙare a bakina. Ran nan da gonar rake na ɗauko da ta ƙare. Mun huta a gindin tsamiya, mun huta a dakalin masallaci, mun huta a gaban mai faci, inda Kaka ya yi kamar yana duba tayoyi. ’Yan kabu-kabu sun tsaya sun fi a ƙirga. Kowanne ya ce Baba hau, sai Kaka ya ce, “Bayarabe ya ce ba ni da ƙafa, za ni nuna mashi.” Sai su yi dariya su ce Allah ya ba da sa'a, a gaishe shi da mari. Ba wanda ya ga abin mamaki. Dattijo ya fito da dalili, dalilin kuma mai nauyi.

Likita yana zaune a bencin mai shayi da biredi a hannu. Kaka ya iso yana haki, rigarsa ta jiƙe, ya dogara da sanda ya miƙe ƙirji.

“Ga ni, ɗan manja. Tashi ka ba ubangidanka wuri.”

Likita ya tashi ya ba shi wuri, ya riƙe masa wuyan hannu kamar gaisuwa, amma na ga idonsa a kan agogo. Sannan ya sunkuya ya leƙa takalmin Kaka, ya girgiza kai.

“Laka kaɗan ne. Babur ya sauke ki a kwana. Gobe ki zo, in gani da idona.”

“Ni za ka ƙaryata? To gobe ka tanadi ido huɗun naka.”

Abin da Kaka bai sani ba, Baba yana biye da mu daga nesa yana tura babur. A makon farko shi ke mayar da shi gida, amma sai an sha kwana, inda Bayarabe ba zai hango ba. A mako na biyu Kaka ya kore shi.

Haka muka riƙa yi kullum, ban da ranar da ruwa ya tsare mu. Kowace safiya likita yana da sabon dalilin ƙin yarda, Kaka kuma yana kwana yana wasa wuƙar amsar da zai ba shi. Hutunmu uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. Takalmi ya fara shiga ba gardama. Inna ta ce yanzu yana barci kamar an jefa dutse a rijiya, munsharinsa ma ya sauka daga na injin niƙa zuwa na babur. Tuwon da ba gishiri da yake turewa, ya koma sharce kwanon. Tumbin bai tafi ba, kada in yi ƙarya, amma ya daina riga shi sallama, tare suke shiga. Biyu daga cikin ’yan dara suka fara bin mu, wai su ma suna da abin faɗa wa Bayarabe. Na zama kamar makiyayiya, ina gaba da jakar makaranta, garken tsofaffi na biye suna gardama a kan kokowar da aka yi tun ba a haifi Babana ba.

Da aka yi wata ɗaya da rabi, ranar awo ta zo. Wannan karon ba a bencin mai shayi ba, a ofis. Kaka ya miƙa hannu yana zolaya, amma na lura zolayar ba ta da ƙarfi. Ni kuwa na riƙe bakin tebur. Likita ya matsa, ya duba, ya sake a ɗaya hannun kamar wancan karo. Sannan ya yi mini magana da Turanci.

“Mi yac ce?” in ji Kaka. “Ban da gishiri, amarya.”

Na faɗa masa kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Jinin ya sauka sosai, amma bai kai inda ake so ba. Zai ci gaba da shan ƙwayoyi. Zai ci gaba da tafiya, ba na wata ɗaya ba, na kullum. In ya koma zama, jinin zai koma inda ya fito.

Kaka ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya dubi likita sama da ƙasa.

“Ashe bawa ma yakan yi rana. Allah shi yi maka albarka, ɗan barkono.”

“Amin, Baba. Gobe da safe.”

Ranar Asabar ce, ba makaranta, saboda haka tare muka kamo hanyar gida. A gindin tsamiya ya tsaya, ya ɗora hannu a kafaɗata, ya daɗe yana kallon masu wucewa da garma zuwa gonakin bakin gari.

“Wanga ciwon shanyewar jiki da ubanki ya faɗa mini,” in ji shi a hankali, “ya yi nisa da ni?”

“Ya matsa, Kaka. Amma yana leƙe. In ya ga ka shimfiɗa tabarma zai dawo.”

Ya ɗauke hannunsa, ya buga sanda a ƙasa.

“To me kike tsaye yi? Ke wace irin amarya ce mai son jiki haka? Mu tahi.”

Ya wuce gaba. Sai da na ɗan haɗa da sassarfa kafin na kamo shi.